Ƙasa, Ruwa, Wuta da Iska: Sharhi a kan Koyarwar Daidaita Kai da Ɗabi'u Huɗu

1. Gabatarwa

A shekarun nan wata koyarwa ta yawaita a cikin salular ɗalibanmu da kan teburan masu sayar da littattafai a Yamai da Maraɗi, kuma mafi yawanta da Faransanci take zuwa. Tana cewa an gina ɗan Adam da abu huɗu, ƙasa da ruwa da wuta da iska, kuma duk damuwar da ke cikin ransa ta samo asali daga rinjayen ɗaya a kan sauran. Maganin da take bayarwa mai sauƙi ne. Wanda hankalinsa ya tashi ya taka ƙasa ba takalmi, wanda baƙin ciki ya cika ya yi wanka da niyyar wanke zuciya, wanda kasala ta kama ya kunna kyandir ya zuba masa ido, wanda tunani ya yi wa yawa ya zauna ya ƙirga numfashinsa. Da a nan abin ya tsaya da ba mu ɗauki alƙalami ba, don in ban da ƙaya da kunama, ba mu san wata illa da ke cikin tafiya ba takalmi ba.

Abin da ya sa muka yi magana shi ne koyarwar ta fara shiga kundayen bincike, sanye da rigar ilimi. Mun taɓa duba wani kundi inda ɗalibi ya tattara kirarin bori da karin magana, ya raba su gida huɗu, ya jingina da Gaston Bachelard, sa'an nan ya kammala da cewa Bahaushe tun kaka da kakanni yana neman daidaito tsakanin ɗabi'u huɗu. Ranar kare kundin muka tambaye shi gidan da ya sa Sarkin Rafi. Ya ce gidan ruwa. Muka ce ai Sarkin Rafi iska ne, kamar yadda kowane ɗan bori zai faɗa masa. Ɗalibin ya yi shiru, kuma ba mu ga laifinsa ba, don jadawalin da aka ba shi ne ya ƙi karɓar abin da ya jiyo daga bakin mutane.

Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, lissafin ɗabi'u huɗu yana nan a ƙasar Hausa, amma a hannun malamai yake, ta hanyar littattafan Larabci ya shigo, kuma aikinsa daban yake da abin da ake tallatawa yau. Daidaiton da jama'a ke nema a rayuwarsu ta kullum tsakanin abu biyu yake, zafi da sanyi, kuma yana da sakamakon da ya kai ga asibiti.

2. Asalin lissafin

Wanda ya fara jera abubuwan huɗu a matsayin tushen halitta shi ne Empedokilis, Bagirke mutumin tsibirin Sisiliya, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Aristo ya zo ya ba kowane ɗaya siffa biyu: wuta zafi da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa. Likitocin Girka, musamman Jalinusu a ƙarni na 2, suka haɗa wannan da ruwayen jiki huɗu: jini ya bi iska, safara'u ta bi wuta, balgamu ya bi ruwa, sauda'u ta bi ƙasa. A Bagadaza, Hunainu ɗan Is'haƙa, wanda ya rasu a 873, shi da almajiransa suka fassara littattafan Jalinusu, daga nan Ibn Sina (980-1037) ya tsara ilimin a cikin al-Ƙanun fiɗ-Ɗibbi.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga Ibn Sina. Na farko, daidaiton da yake magana a kai, wato i'itidali, na mizajin jiki ne, kuma ana gyara shi da abinci da abin sha, barci da farkawa, motsi da hutu, iskar da ake shaƙa, abin da jiki ke fitarwa da wanda yake riƙewa, da halin da zuciya ke ciki. Aikin likita ne mai duba bugun jijiya da fitsari. Na biyu, ya bayyana cewa cikakken daidaito, inda siffofin huɗu za su zo kai ɗaya, ba a samunsa a jikin kowa. Kowane mutum da nasa ma'auni, kowace gaɓa da nata, haka mutanen kowane yanki. Ke nan ɗan littafin da ke rubuta wa mutumin Paris da mutumin Tawa magani ɗaya ya saɓa wa tushen da yake ikirarin ya fito daga gare shi.

Ta fuskar kimiyya kuwa magana ta ƙare tun a ƙarni na 18. Lavoisier ya nuna a 1783 cewa ruwa haɗin abu biyu ne, kuma jadawalin masana sinadarai na yau yana ɗauke da abu 118, babu ƙasa ko ruwa ko wuta ko iska a cikinsu.

3. Bachelard da masu aron sa

Bachelard ya san da haka fiye da kowa, domin malamin kimiyya ne kafin ya juya ga adabi. A 1938 ya fitar da littafi biyu: La formation de l'esprit scientifique, inda ya nuna yadda surorin da suka zauna a zukatan mutane ke tare hanyar kimiyya, da La psychanalyse du feu. Bayansu L'eau et les rêves ya fito a 1942, L'air et les songes a 1943, sai littattafai biyu a kan ƙasa a 1948. A cikinsu duka magana yake a kan mafarkin mawaƙa, yadda tunanin kowane marubuci ke karkata ga abu guda daga cikin huɗun. Bai ce duniya da su aka gina ta ba, bai kuma rubuta wa kowa maganin damuwa ba.

Misalansa ma daga inda ya tashi suke. Ruwan Bachelard ruwan ƙoramun yankin Champagne ne, masu gudu rani da damina, da ruwa mai nauyi na labaran Edgar Poe, da ruwan da Ophélie ta nutse a ciki. Iskarsa ta Shelley da Nietzsche ce, iskar hawa sama da ƴanci. Wutarsa ta murhun ɗaki ce a tsakiyar sanyin Turai. Wanda ya ɗauko wannan ya aza a kan waƙar noma ta Gobir ko ta Damagaram ya manta cewa a nan gulbin Maraɗi ƴan watanni kaɗai yake kawo ruwa, kuma ga wanda ya ga yunwar 1973 da ta 1984, kalmar ruwa ba ta tuna masa da budurwar da ta nutse, hadari take tuna masa da hatsi.

Ko rabon lokutan shekara bai zo daidai ba. A jadawalin Jalinusu lokacin sanyi shi ne lokacin ruwa, don a bakin Bahar Rum sanyi da ruwan sama tare suke zuwa. A wajenmu hunturu busasshe ne, mai fasa leɓe da dugadugai, damina kuwa bayan zafin bazara take sauka. Jadawalin an ɗinka shi ne a jikin wata ƙasa.

Ba muna cewa a daina karanta Bachelard ba. Darasinsa na gaskiya, wato a saurari abin da marubuci ke taɓawa da hannu cikin mafarkinsa, yana da amfani ga mai nazarin waƙar Hausa. Amma wanda ya bi darasin sosai zai iya tarar da gero da ƙarfe da rairayi da inuwa, ba lalle ya tarar da gidaje huɗu ba.

4. Ɗabi'u huɗu a zauren malam

Inda lissafin yake da gindin zama a ƙasar Hausa shi ne zauren malam, kuma ta ƙofa biyu ya shiga. Ta farko ita ce ta ɗibbu. Littafin ar-Rahma fiɗ-Ɗibbi wal-Hikma, wanda ake dangantawa ga Suyuɗi kuma ake samu a kasuwanninmu, da bayanin ɗabi'u yake buɗewa, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Ƙofa ta biyu ita ce ta hisabi da ilimin haruffa, wadda Shamsul Ma'arifi, littafin da ake jinginawa ga al-Buni, ya fi shahara a cikinta. A nan an raba haruffan Larabci 28 gida huɗu, bakwai-bakwai, na wuta da na ƙasa da na iska da na ruwa, haka kuma buruji 12, uku-uku. Malaman wannan yanki ba ƴan kallo ba ne a fannin: Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan haruffa da hatimai.

Ga yadda abin ke aiki a rayuwar yau da kullum. In ana son sanin ɗabi'ar mutum, sai a haɗa adadin haruffan sunansa da na sunan uwarsa, a raba da 12, abin da ya rage shi ne burjinsa. Mu ɗauki misalin wani mai suna Salihu, uwarsa Amina. Sunan Amina 96 ne: alif 1, mim 40, nun 50, harafin ƙarshe a lissafa shi 5. A sunan Salihu, alif da lam da ha sun ba da 39, saura sadi. To, sadi a lissafin mutanen Gabas, wanda littattafan bugun Masar da Bairut ke bi, 90 ne. A lissafin Magrib, wanda malamanmu suka gada tare da rubutun allo, 60 ne. Ta hanyar farko jimla 225 ce, saura 9, wato burjin Ƙausu, na wuta. Ta hanya ta biyu jimla 195 ce, saura 3, wato burjin Jauza'u, na iska.

Mutum ɗaya, uwa ɗaya, ɗabi'a biyu, gwargwadon littafin da ke hannun malam. Kuma ba wasan lissafi ba ne kawai, don da shi ake duba aure da tafiya da abokin ciniki. In yarinyar da Salihu ke nema burjinta na ruwa ne, malami na farko zai ce wuta da ruwa ba su zama ɗaki ɗaya, a fasa. Na biyu ba zai ga wannan gaba ba. Akwai auren da aka fasa a kan maganar tauraro bai haɗu ba, kuma masu shi ba su san cewa harafi guda ne ya raba su ba.

Dole a ƙara da cewa su kansu malamai ba su haɗu a kan halaccin wannan ilimi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa ko taurari, kuma gardamar ta sake zafi tun da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yaɗu zuwa Maraɗi. Alƙur'ani ya ambaci halittar mutum daga yumɓu, aljani daga wuta, da kowane abu mai rai daga ruwa, amma bai jera huɗun a matsayin rukunan da za a daidaita ba. Wanda ya auna wuta da yumɓu a cikinsa ya ce ɗaya ya fi ɗaya, Iblis ne. Ɗalibin da zai kira wannan lissafi hikimar kakanni ya kamata ya san cewa ilimi ne na masu karatu, mai tarihi, mai kuma abokan hamayya.

5. Abin da harshe da al'ada ke nunawa

In muka bar zauren malam muka saurari Hausar kan titi, kalmomin huɗu ba su tafiya tare. Abokin gamin ƙasa shi ne sama. Kishiyar wuta a bakin Musulmi aljanna ce. Ruwa da iska kuwa tare suke zuwa da hadari. Kalmar ruwa ta bazu har ta kai ga «ba ruwana» da kuɗin ruwa da ruwan ido, har launi ma, inda muke da ruwan toka da ruwan ƙasa. A ibada, wanda ya rasa ruwa sai ya yi taimama, ƙasa ta tsaya a madadin ruwa sau biyar a yini in ta kama.

Babbar matsala tana ga iska. A koyarwar da muke sharhi a kai, iska ita ce tunani mai haske da natsuwar hankali. A Hausa abin da ke shiga ƙirji ya fita numfashi ne, abin da ke raya mutum rai ne, akwai kuma kurwa. Iska ita ce ke bugun mutum a bakin rijiya ko gindin tsamiya da tsakar rana, ita ce ke hawan ƴar bori, daga gare ta aka samo ɗan iska da iskanci. Ayyukan Jacqueline Monfouga-Nicolas a kan borin Maraɗi (1972) da Nicole Échard a kan na Adar da Kurfai (1989) sun nuna iskoki a matsayin al'umma mai gidaje da sarakuna da dangantaka, wasu na daji, wasu na gari, wasu na rafi. In ka ce wa tsohuwa jikanta na bukatar ƙarin iska don hankalinsa ya kwanta, za ta nemi tsari ne. Mai fassarar da ya mayar da iskoki zuwa kalmar Faransanci ta iskar shaƙa ya zubar da rabin ma'anar tun kafin ya fara nazari.

Adadin huɗu kansa yana da matsayi a tunanin arna, amma na wani abu ne daban. Guy Nicolas, a maƙalarsa ta 1968 a kan kwarin Maraɗi da littafinsa na 1975, ya nuna cewa huɗu adadin mace ne, uku na namiji, bakwai kuma haɗuwarsu, kuma huɗun da ke tsara gona da gari ita ce kusurwoyin duniya: gabas, yamma, arewa da kudu, wadda ake ce wa gusum a wajenmu. Wanda ya ga huɗu a nan ya yi tsalle ya ce ga Empedokilis, kama ce ta ruɗe shi.

Abin da ya fi kusa da ra'ayin ɗalibinmu shi ne rabon gado. Maƙera ke da wuta, har su yi wasa da jan ƙarfe a bainar jama'a. Sarkawa ke da ruwa, gidan sarkin noma ke da sirrin gona, mahalba ke da daji. Sai dai na huɗun a nan daji ne, ba iska ba, kuma ba a neman mutum guda ya tara su a jikinsa. Wanda ya ƙone maƙeri ake kai wa, wanda ƙayar kifi ta maƙale wa Basarke ake nema. Daidaiton yana tsakanin gidaje ne, kowa ya tsaya ga gadonsa ya bukaci na wani. Koyarwar salula ta mayar da shi aikin mutum ɗaya a cikin ɗakinsa, shi da kyandir.

6. Zafi da sanyi

Ma'aunin da Bahaushe ke amfani da shi kullum mai kai biyu ne. A hali, ana yabon sanyin hali ana tsoron zafin rai, amma ana son zafin nama ana ƙin sanyin jiki. A lafiya, sanyi abokin gaba ne mai shiga jiki ya zauna a gaɓoɓi da mara, kamar yadda Lewis Wall ya bayyana a littafinsa na 1988 a kan magungunan Hausawa. Harshen ya ma raba ɗari, wato busasshen sanyin hunturu, da sanyi mai danshi, wanda shi ne ake ganin yana kawo cuta. Siffofin Aristo huɗu sun koma biyu ke nan, danshi ya shige cikin sanyi.

Wankan jego ne babban misali. Ana ganin haihuwa ta bar jikin mace a buɗe, ɗanye, sanyi na iya shigarsa. Don haka har kwana 40, wani wuri fiye, tana wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen tsamiya ko bedi, tana shan kunun kanwa, a wasu gidaje tana kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Mai neman ruwa da wuta da ƙasa a al'adar Hausa ga su nan a wuri ɗaya, amma manufarsu guda ce, korar sanyi.

A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawan ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa, wanda aka ƙiyasta yana kama kusan mace 1 cikin 100, suka danganta shi da gishirin kanwa da zafin wankan. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa suka nuna a 1992 cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya, wanda ya fito a 2020, ya fi ɗora nauyi a kan rama da rashin karatu da rashin sana'a da hawan jinin ciki. Abin lura shi ne, mace mai kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa, in aka fassara halinta da cewa sanyi ne ya shige ta, ƙarin ruwan zafi da ƙarin kanwa za a ba ta, alhali likitan zuciya take bukata. Duk koyarwar da ta mayar da ciwo rashin daidaito tana da wannan haɗari: tana da amsa a shirye, sai ta hana a tambayi abin da matar ta ci da cikinta da kuma nisan gidansu da asibiti. Haka ɗalibin da damuwa ta hana barci wata uku, in aka ce masa ƙasa ce ta yi masa ƙaranci, an jinkirta masa zuwa wurin mai iya taimakonsa.

7. Kammalawa

Abu uku ne aka cuɗanya a cikin koyarwar nan da kundayen da ke bin ta: ɗibbun Jalinusu da Ibn Sina wanda ya zo mana ta Larabci, nazarin mafarkin mawaƙa na Bachelard wanda ya zo ta lakkwal, da kasuwancin kwantar da hankali wanda ya zo ta intanet. Kowane ana iya nazarinsa a kan kansa. Kuskuren shi ne a dama su wuri ɗaya a kira abin da ya fito al'adar Bahaushe.

Ga ɗalibin da batun ya ba sha'awa, aiki na nan jingim. Ya zauna da malaman hisabi a Damagaram ko Tasawa ya rubuta wane lissafi suke bi, na Gabas ko na Magrib, da abin da suke yi in biyun suka saɓa. Ya tattara yadda ungozomai ke raba abinci mai zafi da mai sanyi, ya gwada da abin da ke cikin ar-Rahma, don a gane abin da aka aro da wanda aka tarar. Ya bi kalmar iska a cikin kirari da waƙa da hirar asibiti ba tare da ya fassara ta tun a shafin farko ba. In ya gama ya ga gidaje huɗu, ya kawo mu gani. In biyu ya gani, ko bakwai, ya rubuta abin da ya gani, ya kuma bar Sarkin Rafi a inda ƴan bori suka ajiye shi.